Zakaran da Ya Ƙi Kwanciya

An yi wani ɗan kokawa da ake kira Bango. Sunansa na gaskiya ya ɓace tun yana saurayi, har matarsa ma idan ranta ya ɓaci da Bangon take kiransa. Ƙato ne, wuyansa kamar gindin bishiya, tafin hannunsa yana rufe fuskar mutum ruf. Ya fi shekara talatin yana riƙe da bel ɗin zakara, kuma a duk tsawon wannan lokaci ba a taɓa danne kafaɗunsa a dandamali har alƙalin wasa ya ƙirga uku ba. Aibinsa ɗaya ne, girman kai. Kuma irin mafi muni ne ya same shi, domin ƙaryar da ake biyansa ya yi wa 'yan kallo, ita ya zo ya gaskata.

Wanda bai san wannan sana'a ba, bari a warware masa. Kokawar da ake yi a dandamali mai igiya, gaban mutanen da suka yanki tikiti, ba a shiga cikinta sai an gama magana. A ɗakin canza kaya ake yanke wanda zai ci da wanda zai faɗi. Amma kada wani mai kaifin baki ya ce ai wasan yara ne. Faɗuwar ta gaske ce, katakon da ke ƙarƙashin shimfiɗar na gaske ne, ƙashi kuma ba ya tambayar ko an tsara kafin ya karye. Abin da ke tsare ran ɗan kokawa shi ne amana. Idan za ka ɗaga abokin karawarka sama, sai ka matsa masa wuyan hannu sau biyu. Shi ke nan ya sani, ya taya ka da tsalle, ya manna haɓarsa a ƙirji, ya sauka a kan bayansa. Wuyanka yana hannunsa, nasa yana hannunka. Don haka wanda ya iya faɗuwa shi ke yin zakara, ko da yake ba shi ake yi wa tafi ba.

Akwai kuma ƙa'idar da ba a rubuta ko'ina ba, amma kowa ya san ta. Zakara ba ya tafiya gida da bel. Idan ƙarfi ya fara ja da baya, sai ya kwanta wa wani matashi a gaban jama'a, a ƙirga masa uku, ya tashi ya ɗaura masa bel ɗin da hannunsa. Ta haka 'yan kallon tsoho suke komawa na yaro, sana'a ta ci gaba. Shi kansa Bango haka ya samu. Tsohon zakaran zamaninsa ne ya kwanta masa, yana kwance a ƙarƙashinsa yana raɗa masa cewa ya ɗaga kai ya kalli mutane.

Da farko Bango ya cancanci abin da aka ba shi. Yana da farin jini, kamar yadda ake cewa. Idan ya fito daga bayan labule, zaure yakan ɗauki ihu kamar rufin zai yaye. Yana da wani kamu da ake kira Rushe-gini: ya ɗaga mutum bisa kafaɗa, kai a ƙasa, ya juya da shi, sannan ya durƙusa ya sauke shi da ƙarfi. Gwiwoyin mai ɗagawa ne ke shan nauyin, amma ido yana ganin kamar an farfasa mutum. Yara suna kwaikwayonsa a kan katifun iyayensu suna shan duka. Hotonsa yana jikin motoci da shagunan aski.

A cikin waɗanda suka gina masa wannan suna babu kamar Ungulu. Shi ne ke fitowa a matsayin mugu a wasa, mai shafa baƙi a ido, mai zagin 'yan kallo har su jefe shi da robar ruwa. Kusan shekara ashirin suna yawo gari-gari, kullum Ungulu ne a ƙasa. Haƙoransa na gaba a dandamalin Bango suka zube. Kafaɗarsa ta goce har ya koyi mayar da ita da kansa a jikin ƙofa. Bango bai taɓa ce masa sannu ba. Idan 'yan jarida suka tambaye shi sirrin nasararsa, sai ya bugi ƙirji ya ce har yanzu uwa ba ta haifi wanda zai kai shi ƙasa ba. Wannan magana ta sana'a ce, kowa yana faɗin irinta a gaban kyamara. Masifar ita ce Bango ya fara faɗinta a ɗakin canza kaya, gaban mutanen da suka san komai. Ungulu yakan yi dariya da wawulonsa ya ce shi ke kayar da kansa, mutuminsa ya karɓi tafi, ai raba aiki ke nan.

Shekaru suka tura. Furfura ta fito, ya rina. Tumbi ya sauko, ya ɗaga bel ɗin ya rufe shi. Gwiwoyi suka lalace har likita ya hana shi Rushe-gini, ya ce idan ya ƙara, ɗayarsu za ta kwance. Kafin ya fita wasa sai an naɗe shi da bandeji kamar kayan da za a aika wani gari, ɗakin duk ya gauraye da warin man zafi. A gida matarsa ce ke ɗaura masa igiyar takalmi, domin ba ya iya sunkuyawa.

Manaja, mai tsara wasannin gidan kokawarsu, ya fara kawo masa matasa ɗaya bayan ɗaya. Kowanne Bango ya samo masa aibi. Wannan gajere ne, bel ɗin zai sauko masa gwiwa. Wancan ba shi da murya. Na uku bai gaishe shi da kyau ba. Yaran kirki suka gaji da jira, suka kwashe jakunkunansu suka koma wasu gidajen. Waɗanda suka rage kuma aikinsu ya koma abin kunya. Bango zai kawo naushi a hankali kamar mai miƙa wa baƙo ruwa, yaro ya faɗi tun hannun bai iso ba. 'Yan kallo ba wawaye ba ne. Kujerun baya suka fara zama babu kowa, sannan na tsakiya. Su kansu masu share zauren sun daina tsayawa kallo.

To, Bango yana da ɗa, autansa, kowa Auta yake ce masa. A cikin igiyoyin nan ya girma. Bai ɗauko girman uban ba, amma yana da sauri, yana tashi daga igiyar sama kamar ba shi da nauyi. Abin da ya fi, ya iya faɗuwa, kuma duk wanda ya kara da shi yakan fito lafiya. Ba ya wuce kowa a ɗakin canza kaya bai gaishe shi ba. Ungulu, wanda a lokacin ya daina wasa ya koma koyar da yara, shi ya horar da shi, yaron kuma Kawu yake ce masa. Wani babban gidan kokawa ya aiko yana neman Auta, da alkawarin cewa za su ɗora shi a gaba.

Manaja ya ga idan yaron nan ya tafi, gidan ya mutu. Ya sami Bango a ofis ya ajiye masa magana a fili. Ya ce an kawo masa gajere ya ƙi, an kawo marar murya ya ƙi, to ga jininsa, sai ya faɗi aibin wannan. Wasa ɗaya za a yi, uba da ɗa. Auta ya ci, uban ya ɗaura masa bel, sannan uban ya koma kujerar girma a gidan har ƙarshen ransa. Bango ya yi ta huci, ya ce yaron da ya goya ne za a ce ya danne shi? Ya fita ya bugo ƙofa.

Matarsa ce ta tare shi washegari da safe, tana durƙushe tana ɗaura masa takalmi.

"Baban Auta, dubi abin da nake yi," ta ce. "Mutumin da ba ya iya kai hannu ƙafarsa, wai shi ne ba a kai shi ƙasa. Ni ma da zan ture ka yanzu, sai an kira maƙwabta su tashe ka. Ka ba yaron nan abinsa tun kana iya hawa dandamalin da ƙafarka."

Ita kaɗai ce ke gaya masa irin wannan ta kwana lafiya. Da yamma ya kira Auta ya ce ya sallami mutanen babban gidan can, ya amince. Auta ya tambaye shi ko ya tabbata, don idan ya mayar da su ba za su sake dawowa ba. Bango ya ce shi yaro ne da zai yi magana biyu? A kan wannan kalma Auta ya rufe waccan ƙofa.

Aka buga fosta, aka cika gari da sanarwa. Ranar wasa, a ɗakin canza kaya, Manaja ya maimaita tsarin a gaban alƙalin wasa da Ungulu. Za a yi ta gumurzu, uban ya fi ƙarfi da farko, sannan ya gaji. Auta ya hau igiyar sama, ya diro a kansa, ya danne, a ƙirga uku. Ya ƙara da cewa ko da wasa kada a yi Rushe-gini. Bango ya ce ya ji, ba kurma ba ne. Auta ya durƙusa ya gyara wa ubansa bandejin gwiwa, ya ce zai sauko masa a hankali, ba zai taɓa ƙafar ba.

Zauren ya cika maƙil, irin cikar da aka yi shekaru ba a gani ba. Tsofaffin masoyan Bango sun zo da 'ya'yansu da jikokinsu. Sun zo ne su yi masa ban kwana, kowa ya san haka in ban da shi. Da ya fito daga bayan labule suka miƙe tsaye, suka ɗauki tsohuwar waƙarsu ta cewa Bango ba ya faɗuwa. Wannan ihu ya shiga kansa kamar giya. Wawan ya ɗauka cewa roƙonsa suke yi ya zauna.

Wasa ya yi kyau, kuma Auta ne ya sa ya yi kyau. Duk naushin da uban ya kawo, yaron yakan tashi sama ya faɗi kamar mota ta buge shi. Ya mayar da tsoho saurayi a idon mutane. Lokaci ya yi, Bango ya kwanta a tsakiyar dandamali, Auta ya hau igiyar sama, ya diro daidai yadda ya yi alkawari, ya danne kafaɗun ubansa. Alƙali ya buga shimfiɗa sau ɗaya. Ya buga na biyu. Hannunsa yana sama zai sauko na uku, sai Bango ya ɗaga kafaɗa.

Zaure ya rikice da ihu. Alƙali ya tsaya da hannu a sama kamar wanda aka ɗauka hoto. Manaja, a bakin labule, ya dafe kai.

Auta bai kawo komai a ransa ba. A wannan sana'a idan tsari ya goce, abin da ake yi shi ne a rungumi juna kamar ana kokawa, babba ya raɗa wa ƙarami yadda za a gyara. Ya zaci ubansa ya manta ne, ko yana so a ƙara wa mutane daɗi. Ya miƙe, ya jira tsohon ya tashi, ya matso da jikinsa a sake, ya kai kunnensa bakin ubansa.

"Baba, me za mu yi?" ya ce a hankali.

Bango bai matsa masa wuyan hannu ba. Ya cafke shi ya wulla bisa kafaɗa, kai a ƙasa. Yaron bai yi tsalle ba, domin bai san za a ɗaga shi ba, don haka duk nauyinsa ya sauka a kan gwiwoyin da likita ya yi gargaɗi a kansu. Bango ya juya rabi, gwiwar hagu ta kwance. Auta bai sami damar manna haɓarsa ba. Da tsakiyar kai ya sauka.

'Yan kallo suka yi ta tsalle suna murnar ganin Rushe-gini bayan shekaru. Ungulu kaɗai ne ya riga ya fara gudu zuwa dandamali, domin ya ji ƙarar, kuma ya san ba irin ta wasa ba ce. Bango ya ja ƙafa ya hau kan ɗansa ya danne. Alƙali ya ƙirga uku da sauri, don kawai a gama a shigo da likita. A ƙarƙashin ƙirjin uban, yaron ya yi magana.

"Baba, ɗaga ni. Ba na jin ƙafafuna."

Bango ya ji. Duk da haka sai da ya kama igiya ya miƙe, ya ɗaga bel ɗin sama, ya juya kusurwa huɗu ana yi masa tafi, a daidai lokacin da ake ɗaure wuyan ɗansa a kan gadon ɗaukar marasa lafiya.

Auta bai mutu ba. Ya daɗe a asibiti, ya daɗe a keken guragu, daga baya ya fara takawa da sanduna biyu, yana jan ƙafar dama. Likitoci suka ce iyakarta ke nan. Dandamali kuwa, ko matakalarsa ba zai sake hawa ba.

Bango ya ce tsautsayi ne. Ya gaya wa 'yan jarida haka, har ya ƙara da cewa yaran zamani ba sa sunkuyar da kai yadda aka koya musu. Da gwiwarsa ta yi sauƙi ya koma ɗakin canza kaya da bel ɗinsa a kafaɗa, yana tambayar wa za a haɗa shi da shi. Ba wanda ya ɗaga kai. Ungulu ne ya ajiye tawul ɗin da ke hannunsa ya tsaya a gabansa.

"Mutumina, shekara ashirin ina ba ka wuyana," ya ce. "Na zaci gwaninta ce ta tsare ni. Ashe sa'a ce kawai. Wanda ya yi wa ɗan cikinsa haka, wa kake so ya ba ka ɗansa?"

Ba a kore shi ba, ba a zage shi ba. Abin da aka yi masa ya fi haka ciwo. Duk wanda Manaja ya ce ya kara da Bango sai ya ce bayansa na ciwo, ko yana da tafiya. Ko sababbin yara masu yunwar suna, waɗanda da a ce da ne za su yi rarrafe don a haɗa su da shi, suka ƙi. Ɗan kokawa ba ya wasa shi kaɗai. Zakara ya zauna da bel, babu wanda zai kayar.

Manaja bai nemi a dawo da bel ɗin ba. Ya sa aka ƙera sabo, aka yi gasa, wani yaro ya ɗauka. Na hannun Bango ya zama fata da ƙarfe, abin da ba ya nufin komai ga kowa. Matarsa ta koma gidan Auta don ta yi jinya, jinya ta ƙare ba ta dawo ba. Ya koma sa silifas, domin babu mai ɗaura masa igiya. Wata rana ya je zauren kallon wasa, sabon mai gadi ya tare shi a ƙofa ya ce, Baba, ina tikitinka?

Sai bayan wannan ne ya naɗe bel ɗin a tsohon tawul ya nufi wurin ɗansa. Auta ya buɗe ɗan shagon kayan motsa jiki a ƙasan benen da yake haya. Yana zaune bayan kanta, sandunansa a jingine da bango, yana sa wa wata ƙwallo iska. Uwar tana daga ciki tana jera kwalaye. Ta ga mai shigowa, ta ci gaba da aikinta.

Auta ya gaishe shi da ladabi, ya ce ya yi haƙuri ba zai iya miƙewa da sauri ba. Bango ya tsaya yana kame-kame, ya tambayi ciniki, ya tambayi jiki. Sannan ya warware tawul ɗin, ya ɗora bel ɗin a kan kanta, ya ce ga shi, dama nasa ne, ya kawo masa.

Auta ya kalli bel ɗin bai taɓa shi ba.

"Baba, abu ɗaya nake so in sani," ya ce. "Na daɗe a kwance ina juya shi. Ranar nan, mantawa ka yi ba ka matsa min hannu ba? Ko kuwa ka san idan ka matsa, zan ƙi?"

Bango ya buɗe baki. Mutumin da ya shekara talatin yana cika zaure da murya ya rasa kalma ɗaya. Da mantuwa ce, da ya faɗa. Uwar ta daina jera kwalayen, ita ma tana jira. Shirun ya yi tsawo har ya zama amsa.

Auta ya gyaɗa kai. Ya sa yatsu biyu ya tura bel ɗin a hankali zuwa gefen ubansa.

"Ɗauki abinka, Baba. Ai kai ka ci."

Bango ya naɗe shi a tawul ɗin ya fita. Ya rayu shekaru bayan haka a ɗaki ɗaya, bel ɗin a rataye a ƙusa. Idan ya sami wanda zai saurare shi a bakin titi, yakan gaya masa cewa ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Kuma gaskiya yake faɗa, ba a taɓa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Duk wanda ka gani a sama, akwai mutanen da suka yarda suka sunkuya ya taka, kuma ranar da ya manta da su, ranar ya fara lalacewa. Matsayi aro ne, kowane iri ne, a wurin aiki ko a gida. Akwai lokacin karɓarsa, akwai lokacin miƙa shi, kuma miƙawar tana cikin aikin, ba faɗuwa ba ce. Wanda ya ƙi sauka da ƙafarsa ba kansa kaɗai yake cuta ba. Na kusa da shi, wanda ya fi yarda da shi, shi ne zai fara biya. Kada tafin mutane ya ruɗe ka ka ci amanar wanda ya saki jiki da kai, domin masu tafin za su watse su koma gidajensu, kai kuma ka zauna da abin da ka aikata. Idan naka lokacin ya yi, ka ba da abin tun ana so a karɓa daga hannunka.